Gurbin Ƙarshe a Bangon Tasha

Jawabin Alhaji Harisu Direba a taron tunawa da Malam Illa Mai Fenti, ranar addu'ar arba'in, a tsohuwar tashar Matameye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda ya ba mu aron rai, kuma yake karɓar abinsa ranar da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa.

Wakilin Mai Martaba Sarkin Kance, ranka ya daɗe. Wakilin perefe, shugaban mulkin yankinmu, da wakilin magajin gari, barkanku da zuwa. Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Sarkin Tasha da dattawan direbobi, abokan wahala, sannunku da zama. Hajiya A'i, mai ɗakin marigayi, takaba ta tsare ki a gida, amma na san za a karanta miki wannan magana, don haka ina gaishe ki kamar kina gabana. Najaha, 'yar marigayi, 'yata. Baƙinmu na Yauri da Dawce da Damagaram, jama'ar Matameye maza da mata, assalamu alaikum.

Da Sarkin Tasha ya ce ni zan yi magana yau, na ce masa ya nemi mai ilimi. Ni direba ne, bakina ya fi sabawa da faɗa da yaran mota. Sai ya ce, "Alhaji, shekara hamsin kuna tsokanar juna kai da Illa, wa ya fi ka sanin sa?" To ga ni, in na yi ɓaranɓarama ku yafe mini.

Ku dubi bangon da ke bayana. Motoci talatin da ɗaya ne a jere, kowace da launinta da kirarinta, kuma duk aikin Illa ne. Kowace mota a nan ta wani direban garin nan ce da ya riga mu gidan gaskiya. A can ƙarshe, dab da ƙofa, ga fili fari ɗaya da ya rage. Daga shi bangon ya ƙare, sai shaguna. Kowa a nan ya san na wane ne wannan gurbi. Nawa ne, Illa ya yi mini alkawarinsa. Na kuma san abin da ake ta raɗa kwana arba'in ɗin nan, cewa motar Illa ce ta cancanci wurin. Ba kurma ba ne ni. Ba zan sauka daga nan ba sai na ba ku amsa, amma ku bari in fara faɗa wa baƙi ko wane ne muka binne.

Na fara ganin Illa zamanin gyaɗa, lokacin da kamiyo, manyan motocin kaya, ke layi a nan tun daga bakin kasuwa. Ina apiranti, wato yaron mota, shi kuma yana tsugune bayan motar maigidana yana rubuta mata kirari. Garin sauri na tuntsurar masa da gwangwanin jan fenti. Ya ɗago ya ce, "Kai yaro, a ƙeya idonka yake?" Yaro fa! Shekara biyu kacal ya ba ni. Har ya koma ga Allah, da furfurata da komai, yaro yake ce mini.

Ranar da na samu tawa kamiyon, na kai masa na ce ya rubuta mata "Guguwa" a goshi, don a lokacin ba na ɗaga ƙafa daga totur. Ya ce to. Ya yi rubutu mai kyau, ja da fari, da furanni kewaye. Ni kuwa ban iya karatun boko ba. Na yi lodin rake na nufi Damagaram ina ta wuce motoci, ina ganin direbobi na nuna ni suna dariya, na ɗauka yabo ne. Sai da na yi kwana uku wani ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, ya karanta mini abin da ke goshin motata: "Sannu Ba Ta Hana Zuwa". Na dawo a fusace kamar in cinye shi ɗanye. Ya ce, "Ka goge in kana so. Amma uwarka ce ta zo ta roƙe ni." Ban goge ba. Shekara ashirin da shida na tuƙa ta da wannan suna.

Ya kasance mutum ne da ba ya iya wuce tsohuwar mota bai tsaya ba. Ya kasance in inji ya taso daga nesa, yana zaune baya juye, zai ce maka wace iri ce, ta wane ce, da abin da ke damun ta. Ya kasance mai ganin mutunci a abin da mu muka yar.

Ga shaida nan a inuwar bishiyar bedi, mun fito da ita yau: Dattijuwa, katsankat ɗinsa, farar Pijo da ta girmi yawancin waɗanda ke zaune a nan. A Yauri ya tsinto ta bayan gidan wani tsohon malamin lakwal, ba taya, ba gilashi, kaji na ƙwai a kujerar baya. Da amalanken shanu aka jawo ta garin nan, yara na biye suna ihu. Ni ne kan gaba wajen dariya, Allah na tuba. Na ce, "Illa, akurki ka sayo?" Ya ce, "Ka bari dai, yaro."

Shekara uku yana kanta. Ya je Maraɗi neman fitila guda. Ya je Kano sau huɗu don marfin tanki, don ya ƙi saka mata wanda ba na gidansu ba. Makanikai suka ce ya cire tsohon injin ya sa na zamani ya huta. Ya ce ba a yi wa tsohuwa dashen zuciyar budurwa. Ranar da ta tashi, wallahi rabin kasuwa ya watse aka zo kallo. Ya zagaya gari da ita sau biyu, a hankali, yana ɗaga wa mutane hannu sai ka ce perefe.

Kada baƙi su ɗauka motar ado ce. Shekaru kusan arba'in Dattijuwa na yi wa garin nan bauta. Mata nawa ta ɗauko daga Dawce cikin naƙuda ta kai gidan likita? Tsofaffi nawa ta kai Damagaram ganin ido? Da damina, in hanya ta lalace sababbin motoci suka kafe, ita ke ratsawa. Masu neman tsofaffin motoci sun zo daga Yamai, wasu ma daga ƙetare, da tafinta. Illa ya ba su shayi, ya buɗe musu inji suka gani, ya zaga da su gari, ya raka su bakin hanya. Ɗaya ya nace, sai Illa ya ce wa tafinta, "Gaya masa in ya tafi da ita, wa zai kai matan Dawce likita?" Mu mutanen Matameye mun yi alfahari ranar, har yau ana ba da labarin a rumfar shayi.

Bangon nan kuwa da kuka ya fara. Shekaru talatin da suka wuce muka rasa Inusa, matashin direba, a hanyar Tanut. Motar ta ƙone ƙurmus. Mahaifiyarsa, Iya Maryama, ba ta da hotonsa ko ɗaya. Kullum da hantsi sai ta zo bakin tasha ta zauna inda yake ajiye motar. Abin ya dami Illa. Ya je wajen limamin lokacin ya ce yana so ya yi zane a bango. Liman ya ce, "Ban da mai rai." Illa ya ce, "Na ji, Allah gafarta Malam." Kuma ya riƙe wannan magana har ƙarshen ransa. Ku duba da kyau, ba mutum, ba tsuntsu, ko zakin da ke goshin Pijo bai zana ba, fure yake sakawa a wurin.

Ya zana motar Inusa cikin kwana tara. Iya Maryama ta zo da hantsi kamar kullum. Ta tsaya. Ta matsa ta ɗora tafin hannunta a ƙofar direba, inda aka ɗaure mariƙin da waya, ta ce, "Na sha ce masa ya gyara ƙofar nan." Sai ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba ranar jana'iza. Mu ƙattin direbobi muka juya baya kowa na share ido. Daga ranar ba ta ƙara zaman bakin tasha ba. Takan zo ne jefi-jefi, ta yi addu'a, ta tafi.

Daga nan Illa ya kafa dokokinsa, kuma ba wanda ya isa ya tanƙwara shi. Motar mai rai ba ta hawa bango. Kowace mota awo ɗaya da 'yar'uwarta, ta mai kuɗi da ta talaka. Kuma ba ya sa buroshi sai ya zauna da iyalan mamaci da tsofaffin yaran motarsa ya tambaye su. Ina ta lotse? Wace fitila ce ba ta kamawa? Da me ake toshe tankin? Duk sai ya zana. Wasu 'ya'ya suka zo suka ce ya gyara wa ubansu motar a zane, ya cire lotsewar, ya sa ta sabuwa fil. Ya ce, "Sabuwa ta kamfani ce. Ta ubanku ita ce mai tabo. In na cire, ku kanku ba za ku gane ta ba." Suka tafi suna gunaguni. Yau su ne suka fi kowa kawo baƙi kallo.

Ya kasance ba ya ƙara wa mamaci abin da ba shi da shi, ba ya kuma rage masa. Ya kasance mai kunnen sauraren tsofaffin mata da ba wanda ke tambayar su komai. Ya kasance, in ana son gaskiya, mai taurin kai kamar jakin kai taki. Hajiya A'i, ke kika fi mu sani, kuma Allah ya saka miki da haƙurin da kika yi.

Ku dubi ta bakwai daga hagu, koriyar nan, kamiyon Alhaji Shekara. Da Illa ya gama ta, samarin tasha suka taru suna ƙyaƙyata dariya. Wai tsoho ya rikice, ya sa sitiyari a dama. Har da mai ce masa, "Baba, ko a kawo maka tabarau?" Illa ya wanke buroshinsa tsaf, ya zauna, ya ce su zauna. Sannan ya ce musu Alhaji Shekara a Kano ya sayo motar, zamanin da Najeriya ke tuƙi ta hannun hagu mu muna ta dama. In ka kai iyaka sai ka sauya hannu, in ka manta kuwa ka yi karo da na gabanka. Ya ce da yaran mota ake tunatar da direba, da zarar an wuce duwan, wato shingen kwastan, sai su buga jikin mota su yi ihu, "Hannu! Hannu!" Cikin samarin nan ko ɗaya bai taɓa jin haka ba. Yanzu malaman lakwal da kansu ke kawo yara su tsaya gaban koriyar nan a ba su tarihi. Wane gari ne a yankin nan ke da irin wannan bango? Ku nuna mini.

To, yanzu na zo kan kaina, kuma ku yi haƙuri da ni.

Kun san Allah ya ba mu 'ya'ya uku, ya karɓi abinsa tun suna goye. Kun san mai ɗakina Sadiyya ta rasu shekara goma sha biyu ke nan. Motata kuwa, da ƙarfina ya ƙare, masu sayen ƙarfe suka yanka ta gunduwa-gunduwa a gabana, ko hotonta ban da shi. Wata rana bayan rasuwar Sadiyya ina zaune ina kallon bangon nan sai tsoro ya kama ni. Na ga kowa a nan yana da mai zuwa ya nuna ya ce, "Ga ta babana." Ni fa? In na tafi, shekara biyu ta yi yawa a manta an yi wani Harisu. Na faɗa wa Illa haka, ban ɓoye ba. Na ce ya zana tawa tun ina gani.

Ya ce, "Sai ka mutu, yaro."

Na ce, "In ka riga ni fa?"

Ya ce, "Kai da ka yi shekara ashirin da shida kana neman mutuwa a hanya? Ni zan riga ka?"

Muka yi dariya. Amma washegari ya ɗauki gawayi ya auna gurbin ƙarshe ya shata shi, ya ce a gaban Sarkin Tasha, "Wannan na Harisu ne." Bango ya yi ta cika. Da ya rage wannan kaɗai, iyalan wani babban attajiri suka zo neman sa don mahaifinsu, har da 'yan rakiya masu manyan riguna. Illa ya ce musu wurin na da mai shi. Aka ce to ya matse zane biyu a ciki. Ya ce, "Fasinjan ranar kasuwa ne da za a cusa su?" Ya ɓata da manyan mutane saboda ni, talaka marar magaji. Ban taɓa gode masa ba. Mun saba da tsokana har godiya ta yi mana nauyi a baki, kuma wannan na ci mini rai.

Shekarun baya da idonsa ya yi rauni, kun gani da idonku wa ke hawa tsani. Najaha ce, in ta taso daga koyarwa a lakwal, shi yana zaune a kujera yana cewa, "Ƙara shuɗi. A'a, ya yi yawa." Motoci huɗun ƙarshe hannunta ne da bakinsa. Masu cewa mace ba ta hawa tsani a tasha sun yi sun gaji sun yi shiru.

Kwana bakwai da rasuwarsa Najaha ta yi sallama a gidana. Ta durƙusa ta miƙo mini takarda a naɗe. Ta ce, "Baba Harisu, Baba ya ce in ba ka ka ajiye. Ya ce in lokaci ya yi, in bi wannan, kada in canza komai." Na warware. Jama'a, motata ce. "Sannu Ba Ta Hana Zuwa", da furanninta, da tsagewar gilashin da dutse ya yi mini a hanyar Agadas, da sarƙar da nake ɗaure ƙofar baya. Har butar alwalata da ke rataye a gefe. Na tambaye ta ko ya bar zanen Dattijuwa. Ta ce, "Bai bari ba. Ya ce bango ya cika."

Mutumin da ya yi wa talatin da ɗaya wuri bai ajiye wa kansa ba.

Zan faɗa muku gaskiya, tunda yau ranar gaskiya ce. Na rungume takardar nan na ce alhamdu lillahi, nawa ya tabbata. In na shigo rumfar direbobi sai hira ta mutu, na san maganar da ake, sai in yi kamar ban gane ba. Na ce wa zuciyata, ai shi ya ba ni, kuma wasiyya ce. Na ce Illa yana da 'ya, yana da jikoki, yana da bango guda da ke shaidarsa, ni me nake da shi? Wata guda cur ina wannan gardama da kaina. Ba wanda ya zo ya roƙe ni, kuma na gode muku da wannan kunya da kuka ji mini.

Shekaranjiya Liman ya zo duba ni, na kwashe duka na faɗa masa. Na ce, "Allah gafarta Malam, in na bar wurin na karya wasiyya?" Ya ce, "Kyauta ce aka yi maka, Alhaji. Mai abu yana da ikon abinsa." Da ma ya ce mini haramun ne, da na huta.

Jiya da la'asar na zo nan na bi bangon daga farko har ƙarshe, ina kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Da na kai farin gurbin sai na tambayi kaina: in yaran lakwal suka zo nan bayan shekara ashirin, suka ce wa ya yi wannan aiki, ina za a nuna musu? Motata za a nuna? Kunya ta rufe ni.

Saboda haka, a gaban wakilin Sarki, a gaban Liman, a gaban Sarkin Tasha da ya shaida kyautar, ni Harisu na mayar. Gurbin ƙarshe na Dattijuwa ne. Ba tilas aka yi mini ba, kuma ba zan ce babu zafi ba. Akwai. Amma ban taɓa yin abin da na yi alfahari da shi kamar wannan ba.

Hajiya A'i, ki yafe mini jinkirin da na yi. Mijinki ya riƙe mini amana shekara goma sha biyu, ni kuwa kwana arba'in ya so ya gagare ni.

Najaha, 'yata, ɗago kanki ki dube ni. Na san ya ce kada ki canza komai. Wannan karon ki bi maganar ƙaramin babanki, in akwai laifi a wuyana. Takardar tana wurina, in na mutu a ba ki ki ajiye cikin kayansa. Ki ɗauki awonki kamar yadda ya koya miki. Ki je ki zauna da mahaifiyarki ki tambaye ta, kamar yadda yake tambayar matan mutane. Kada ki gyara wa Dattijuwa ko tabo ɗaya. Alfarma guda kawai nake nema. Gilashin gefen fasinja, na gaba, ki zana shi a sauke rabi. Ni na lalata mariƙinsa shekara goma sha biyar da suka wuce, garin gaggawa, ya maƙale a nan. Illa da ya je Kano sau huɗu don marfin tanki ya ƙi gyara wannan. Ya ce a bar shi, don duk wanda ya zauna a kujerar ya san wani yaro marar haƙuri ya riga shi zama. Ki zana shi haka. Ya ishe ni.

Na gode wa shugabanni da suka bar ayyukansu suka zo. Na gode wa malamai, da matan da suka yi girki tun safe, da direbobin da suka ajiye lodi yau, da baƙin da suka sha hanya. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, ga bawanka Illa ya iso gare ka. Ya rufa wa matattunmu asirin mantuwa, ka rufa masa asiri. Ya share hawayen uwa, ka sanyaya makwancinsa. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka haɗa shi da talatin da ɗayan nan a gidan aminci. Ka ba Hajiya A'i da Najaha da jikoki haƙuri, ka ƙarfafa hannun da zai hau tsani. Mu da muka rage a tasha muna jiran lodi, ka sa mu cika da imani.

Liman, bisimilla, a yi mana Fatiha. Muryata ta ƙare.